Yaran nan masu galahanga, da yadda kowace ƙasa take kallonsu

Akwai wata magana da nake yawan ji duk sanda aka taɓo zancen galahanga, wato otizim, ko a gidan biki ko a guruf ɗin WhatsApp na dangi, wai ai wannan cutar Turawa ce, ko ta 'ya'yan masu kuɗi da ake barinsu da waya da katun tun suna goye, mu da can ina muka san wani otizim. Maganar nan tana min ciwo sosai sabida ɗan yayata yana da shi, kuma ba a Landan aka haife shi ba, nan cikin unguwarmu ne, gidan da ko wutar nepa sai an yi sa'a. In za mu faɗawa kanmu gaskiya kusan kowa ya taso ya san wani yaro a layinsu da baya shiga cikin yara, kullum yana rakuɓe gefe yana kaɗa hannu ko yana jujjuya murfin kwano, ka kira sunansa har ka gaji ba zai waiwayo ba amma a buɗe ledar biskit a can ƙuryar ɗaki sai gashi ya taho. Dolo muke ce musu, ko gaula, ko bebe, ko ace iska ce ta shafe shi. Suna nan tun kaka da kakanni, ƙirga su ne ba'a taɓa yi ba.

Ga wanda bai san abin ba, ba cuta ce da ake ɗauka ba, ba kuma zazzaɓi bane da zai zo ya wuce. Halitta ce, yadda ƙwaƙwalwar yaron ta ginu tun yana ciki. Mu'amala da mutane tana masa wuya, magana ta makara ko ta zo wani iri, wani sai dai ya dinga maimaita abinda ka faɗa, kace masa "kana son ruwa?" shi ma yace "kana son ruwa?", yana son komai ya tafi yadda ya saba in aka canza masa hanya ko kofin shayinsa sai gidan ya rikice, sannan ƙara ko haske ko wari da mu bama ma lura dasu shi suna zame masa azaba. Kuma ba duka suke iri ɗaya ba. Wani har ya girma ba zai yi magana ba sai an kula da shi a komai, wani kuwa yana nan lakcara ne a jami'a ana cewa mutumin nan baya son jama'a. Wasu har da farfaɗiya take haɗe musu. Maza sun fi yawa cikin waɗanda ake ganowa, kusan ninki huɗu. Hukumar lafiya ta duniya a baya ta yi ƙiyasin yaro 1 cikin 100. A Amurka kuwa da suke bin ƙirgen sosai, lissafin 2000 ya nuna 1 cikin 150, a 2020 ya zama 1 cikin 36, lissafin 2022 kuma 1 cikin 31. Masu cewa cutar Turawa ce da wannan suke kafa hujja, amma babban abinda ya ƙaru a wajensu shine ganowa, sun faɗaɗa ma'anar abin kuma likitocin yaransu suna duba alamomin tun yaro yana wata 18 da wata 24. Mu wa yake dubawa? Wani babban bincike da aka fitar a 2019, mutum sama da miliyan 2 a ƙasashe biyar, ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na dalilin gado ne, kuma gado ai ta uwa da uba yake biyowa ba ta gefe ɗaya ba.

Na faɗi haka ne sabida abinda ya fi ɗaure min kai da na fara bibiyar yadda sauran ƙasashe suka yi da nasu yaran, kusan ko'ina uwa aka fara kamawa da laifi. Likitan da ya fara fitar da bayanin abin a Amurka, Leo Kanner, a 1943 ya rubuta labarin yara 11 da ya duba a asibitin Johns Hopkins, kuma cikin bayanansa ya ce ya lura iyayen basu da sakin fuska da jan yara a jiki. Daga nan wani mai suna Bruno Bettelheim a Chicago ya ɗauki zancen ya yi ta yayatawa a littafi da talabijin cewa uwar ce mai sanyin zuciya, ta ƙi ɗanta a ranta shi yasa yaron ya janye daga duniya, har laƙabi aka yiwa matan, uwa firji. Ku duba fa, mace tana kwana bata yi barci ba akan yaro, ta ɗauke shi ta kai wa ƙwararre, shi kuma yace mata ke ce cutar. Shekaru aka yi a haka ana raba yara da iyayensu ana kaisu gidajen ajiya. Sai da wani masani Bernard Rimland, wanda shi ma ɗansa yana da shi, ya fito a 1964 ya kawo hujja cewa abin daga halittar ƙwaƙwalwa yake sannan aka fara juyowa a hankali.

Faransa ita kam ta daɗe bata saki ba. Likitocin ƙwaƙwalwarsu da yawa sun riƙe cewa ciwo ne na damuwar rai da ya samo asali daga alaƙar yaro da uwarsa, maimakon a koya wa yaro magana da zaman aji sai a ajiye shi a asibitin yini ana ta nazarin zuciyarsa. Har wata hanya suke da ita ta naɗe yaro tsam cikin zannuwa masu jiƙe da ruwan sanyi wai ya dawo ya ji jikinsa. A 2004 Majalisar Turai ta samu Faransa da laifin tauye haƙƙin karatun yaran nan, a 2012 hukumar lafiyarsu ta ƙi amincewa da waccan hanyar naɗewar, kuma iyalai da yawa ƙetarawa suke da 'ya'yansu Beljiyam neman makaranta. Faransa fa, ƙasar da manyan maƙwabtanmu na Nijar da Chadi suke zuwa ganin likita.

Na Koriya ta Kudu shi ya fi kama da namu. A can an daɗe iyaye da yawa sun gwammace likita ya rubuta cewa yaron rashin shaƙuwa da uwa ne ya same shi akan a rubuta otizim. Uwar da kanta take yarda a ɗora mata, sabida in laifinta ne toh ana sa ran gyara, amma in aka ce abin a jini yake shikenan an shafa wa gidan gaba ɗaya, 'yan uwansa ma sai auren ya musu wuya. Da masu bincike suka shiga makarantun wani yanki na birnin Goyang suka bi yara kusan 55,000 'yan shekara 7 zuwa 12, sakamakon da suka fitar a 2011 ya nuna 1 cikin 38, kuma kusan biyu cikin uku na yaran suna zaune a aji na kowa da kowa babu wanda ya taɓa gano su.

Toh mu fa. A wajenmu tun kafin a je ko'ina an riga an yanke hukunci a tsakar gida. Ta fita da tsakar rana tana da ciki, ta yi wanka da magariba, ta watsa ruwan zafi babu bismillah, ta bar jariri shi kaɗai a ɗaki, ko kuma kishiya ce ta yi aikinta, in duk an rasa sai dangin miji suce mu dai babu irin wannan a zuri'armu. Yayata ta sha wannan maganar har ta daina zuwa sabgar dangin mijinta, ita da ta fi kowa son shiga mutane. Na san matan da aurensu ya mutu akan haka, mijin ya ƙaro wata ya bar ta da yaron. Mafi muni shine zancen ɗan ruwa, wai aljanu sun musanya jaririn, wannan ba mutum bane, a kai shi bakin kogi a ajiye zai rikiɗa ya koma inda ya fito. Galibi yaran da jikinsu ya saki ko kansu ya kumbura ake yiwa wannan amma yaron da baya magana baya kallon mutane ma yana shiga ciki. Turawan da ma suna da irin wannan camfin sak, a Ayalan da Jamus da ƙasashen arewacin Turai, wai wasu halittun ɓoye suna ɗauke jariri su ajiye nasu, kuma an cutar da yara da dama akai. Abinda ya ci Doma dai bai bar Awe ba.

Bari na ɗan tsaya akan maganar aljanu dan nan ne nake so a fahimce ni. Ni musulma ce, na yi imani akwai aljanu, na yi imani da addu'a da ruƙiyya ta gaskiya, har yau kullum ana tofa wa yaron nan azkar safe da yamma. Amma ga abinda na gani da idona. An kai shi wajen wani mai magani, ɗaki ƙarami, an turnuƙe shi da hayaƙi, an ƙure lasifika, ƙarti biyu sun danne shi ana masa tsawa a kunne ana ɗura masa abu a hanci. Yaron da ƙarar injin markaɗe kaɗai take sa shi toshe kunne yana kuka. Ya dinga ihu yana fizge-fizge yana buga kai, mai maganin yana cewa kun gani ko, gashi nan ya bayyana, mai taurin kai ne. Alhali azabar da yaron yake ji ce ake karantawa a matsayin shaidar aljani, iya yadda ya wahala iya yadda aka ƙara gaskatawa, iya yadda aka ƙara kuɗi. Sati ya yi bayan nan baya yarda kowa ya taɓa shi, har uwarsa. Kafin wannan an sha rubutu, an yi turare, wata tsohuwa ta kawo shawarar wanzami ya yanke masa jijiyar ƙarƙashin harshe wai ita ta ɗaure maganar, Allah ya taimaka babansa ya ƙi. Kuma duk waɗanda suka kawo shawarwarin nan sonsa suke, wallahi sonsa suke, abinda suka sani kenan.

Matar nan da ta zo wajen Manzon Allah (SAW) tana farfaɗiya, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, bai ce a ɗaure ta ko a dake ta ba, zaɓi ya bata tsakanin haƙuri da Aljanna ko addu'ar waraka, ta zaɓi haƙuri ta roƙi ya mata addu'a kar tsiraicinta ya dinga bayyana, ya mata. Suratu Abasa kuma akan makaho ta sauka, Ibn Ummi Maktum. Ban ga inda addininmu ya bamu damar kulle yaro a ɗaki ko sa masa mari ba. Kowa ya tuna 2019 da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, har da ƙananan yara. Yaron da baya iya faɗin abinda aka masa shi yafi kowa shiga haɗari a irin wuraren nan.

Daga ƙarshe wata likitar yara ce a asibitin koyarwa ta fara tura shi gwajin ji, aka ga kunnensa ras, sannan ta zauna ta yi wa Yaya tambayoyi masu yawa ta kalli yadda yake wasa ta faɗa mana sunan abin. Lokacin ya kusa shekara biyar. Kuma nan ma akwai wani abu da ya kamata a lura da shi, takardun gwajin da likitoci suke amfani dasu yawanci a Amurka da Ingila aka tsara su, akan tarbiyyar can. Ana tambaya, yaronki yana kallon idonki in kina masa magana? Mu kuwa yaron da yake tsare babba da ido shi ake cewa mara kunya, wanda ya sunkuyar da kai shi ne mai ladabi. Yana amsawa in kin kira sunansa? Toh in ɗan fari ne uwar ma bata kiran sunan, a wasu gidajen ko wasa bata yi da shi a gaban mutane dan kara, wajen kaka yake wuni. Yana wasan kwaikwayo da 'yar tsana ko motar roba? Wani gidan babu su, da gwangwani da ƙasa ake wasa. Dan haka alamar da Bature zai gani ya tsorata tun yaro yana shekara ɗaya da rabi mu yabawa muke, kai yaron nan akwai haƙuri, baya da ƙiriniya, inda ka ajiye shi nan zaka same shi. In magana ta makara kuma ace ai namiji ne, babansa ma sai da ya shekara huɗu. A Indiya ma an samu irin wannan, shiru-shirun yaro ana ɗaukarsa kirki ne kuma suma suna cewa maza basa saurin baki. Shekarun da suka fi amfani wajen koyar da yaron a haka suke wucewa ana jira.

Labarin Somaliyawan Amurka kuwa duk ɗan Kano zai gane shi. A jihar Minnesota akwai su da yawa, sai iyaye suka ga 'ya'yansu sun cika azuzuwan yara masu otizim, su kuma suna cewa a gida bamu san wannan ba, nan muka zo muka same shi. Suna cikin neman amsa sai masu adawa da rigakafi suka shigo musu, har da Andrew Wakefield, likitan Ingilan da a 1998 ya fitar da wani bincike akan yara 12 kacal yana alaƙanta allurar ƙyanda da otizim, binciken da aka gano akwai maguɗi a ciki, mujallar ta janye shi a 2010 shi kuma aka ƙwace masa lasisi. Ya je ya gana da iyayen. Yawan yaran Somaliyawa masu karɓar allurar ya faɗo daga kashi 92 a 2004 zuwa kashi 42 a 2014, a 2017 ƙyanda ta ɓarke ta kama mutum sama da 70, yawanci yaransu ne, otizim ɗin kuma bai ragu ba. A Denmak an bi yara sama da 650,000 aka fitar da sakamako a 2019, babu wata alaƙa. Abinda yake rikita iyaye shine lokacin da ake yin allurar yana dacewa da lokacin da alamomin suke fara fitowa fili. Ni bana ganin wautar iyayen nan ko kaɗan, mu ma a 2003 mun ƙi allurar shan inna, kuma tsoronmu yana da tushe tunda ba'a manta gwajin maganin sanƙarau na 1996 a Kano ba, amma ƙarshe yaranmu ne suka shanye, cutar ta bi ta bazu har Indonesiya. Yanzu ina ganin bidiyoyin nan na rigakafi da otizim an fara juyo su da Hausa ana turawa a guruf, dan Allah a daina turawa.

Kar kuma wani ya ɗauka masu cin kasuwa da hawayen iyaye a wajenmu kaɗai suke. A Amurka akwai masu sayar da wani ruwa da asalinsa sinadarin bilic ne suna cewa a ɗura wa yaro zai warke, sai da hukumar kula da magungunansu ta sake fitar da gargaɗi a 2019. A 2005 wani yaro ɗan shekara 5 da aka kai daga Ingila ya rasu a jihar Pennsylvania wajen wani magani da ake cewa yana wanke ƙarfe daga jini. Akwai wata cibiya a Massachusetts da ta shekara da shekaru tana jona wa masu irin wannan lalurar lantarki a fata dan ladabtarwa, an hana a 2020 kotu ta rushe hanin a 2021. A ƙasashen Larabawa nonon raƙumi ake ta tallatawa. Har yau babu ƙwaya ko allura ko sassaƙe da yake cire otizim, duk wanda yace miki yana da shi kuɗinki yake so. Abinda yake aiki koyarwa ce, a hankali, kullum, da wuri.

Wani abu kuma da na lura, a ƙasashe da yawa ba gwamnati ce ta fara motsawa ba, uwa ce da aka koro ɗanta daga makaranta. A Indiya Merry Barua ta kafa ƙungiyarta a Delhi a 1991. A Sin Tian Huiping ta buɗe cibiya a Beijin a 1993. A Gana Serwah Quaynor ta fara a Accra a 1998, a Legas Dotun Akande ta buɗe tata a 2006. Wadda labarinta ya fi shiga raina ita ce Zemi Yenus ta Habasha, mai sana'ar gyaran gashi da kwalliya ce, ta dawo daga Amurka, makarantu suka yi ta korar ɗanta, ta shiga gari tana neman iyaye irinta ta tarar da yara a kulle a ɗakuna masu duhu wasu a ɗaure, sabida uwar dole ta fita neman abinci kuma babu mai riƙe mata. A 2002 ta buɗe cibiyar Joy a Addis Ababa da yara huɗu. Korona ce ta yi ajalinta a 2021. Ɗaurin nan da take gani yawanci ba mugunta bace, talauci ne da rashin mataimaki, kuma nasan akwai irinsa a lungunanmu yanzu haka da nake rubutun nan.

Sai labarin Donald Triplett, shine yaro na farko cikin 11 ɗin Kanner. An haife shi a 1933 a wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Mississippi. Yana ƙarami aka kai shi gidan ajiya kamar yadda likitoci suke bada shawara a lokacin, bayan kamar shekara iyayen suka ga yana ƙara lalacewa suka ɗauko abinsu. Daga baya ya zauna wajen wasu manoma, shi kuma yana da son ƙirge-ƙirge, komai sai ya ƙirga, maimakon su hana shi sai suka sa shi yana huɗa yana ƙirga kunyoyin masara, yana haƙa rijiya yana auna zurfinta. Ya yi jami'a, ya koyi mota, ya yi aiki a bankin garin shekaru sama da 60, ya zaga ƙasashe shi kaɗai, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Eh gidansu masu hali ne, bankin ma danginsa suna da hannu a ciki, wannan ya taimaka. Amma bai warke ba fa, har ya tsufa yana da ɗabi'unsa, garin ne ya san shi ya karɓe shi a haka, baƙo ya zo yana tambayarsa sai a ja masa kunne kar ya kuskura ya cutar da shi.

Wannan shine abinda nake ganin mu muna da shi Turawa da yawa basu da shi, babban gida. Uwa a Landan ita kaɗai ce a bene da yaro, mu kuwa ga kaka ga gwaggo ga kawu ga yaran maƙwabta, ga sana'ar hannu da ake koya da kallo ba sai da surutu ba, ɗinki, saƙa, kiwo, gyaran waya. Matsalar ita ce mun juya arzikin nan ya zama abin tsoro, yawan idon da ya kamata ya taya tsaro shi yake sa a ɓoye yaro in baƙi sun zo. Su kuma abinda suke da shi da muke buƙata shine ƙwararru da doka mai aiki. Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta basu kai 300 ba, masu koyar da magana kuwa sai ka tona, yawancinsu suna Legas da Abuja, kuɗin zama ɗaya ya fi ƙarfin albashin malamin firamare. An sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Janairun 2019, amma har gobe makarantar kuɗi zata karɓi kuɗin zango ta kira ki bayan sati biyu tace ki zo ki ɗauki ɗanki yana damun aji. An mana haka.

A ƙasashen Turawa yanzu muhawarar ma ta wuce nan, manya masu otizim ne da kansu suke magana, suna cewa ku daina neman mayar damu wasu mutane, ku daina hana mu kaɗa hannu tunda shi yake kwantar mana da hankali, ku gyara wuri ya ɗauke mu. Temple Grandin da sai wajen shekara huɗu ta fara magana, yau farfesa ce a jami'ar jihar Colorado, ta yi suna wajen tsara shingayen da ake bi da shanu ba tare da sun firgita ba. Na yarda dasu a abubuwa da yawa, tunda muka daina dukan hannun yaronmu ya fi nutsuwa. Amma wanda yake iya tsayawa ya yi jawabi ba ɗaya yake da wanda yana shekara ashirin ana masa tsarki ba, uwar wannan na biyun tana buƙatar agaji na gaske kuma bai kamata a hana ta cewa ta gaji ba. Haka ranar 2 ga Afrilun 2025, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 bisa shawarar Katar, da aka baje zanen Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke a dandalin Eagle Square na Abuja, yaro ɗan shekara 15 mai otizim da ya shiga kundin Guinness da zane mai faɗin murabba'in mita sama da 12,000, na ji daɗi har raina. Sai dai washegari mutane suka fara tambayar Yaya shi naku wace baiwa gare shi. Ba sai yaro ya kafa tarihi ba kafin a bar shi ya zauna a tabarma ɗaya da 'yan uwansa.

Namu yanzu yana faɗin kalmomi kaɗan, sauran da hotuna yake nunawa, an manna masa su a bango, kofi, banɗaki, tuwo, waje. Yaya ce ta koya a waya ta yanka kwali ta haɗa. Ana faɗa masa abinda za'a yi kafin a yi, in za'a kunna janareta ana fara sanar da shi. Wani tela a bakin layi yana barinsa ya zauna yana jera masa maɓallai kala-kala, kuma baya kuskure. Abu ɗaya da zan roƙi duk mai irin yaron nan, ku rufe rijiya da murfi mai kwaɗo, ku lura da kududdufi da damina, ku sanar da masu shago da 'yan acaɓan layi su san shi. Wani bincike a Amurka a 2012 ya nuna kusan rabin yaran nan suna sulalewa su fice ba'a sani ba, ruwa yana jansu sosai, kuma nutsewa tana cikin manyan abubuwan da suke kashe su.

Abinda yake hana Yaya barci yanzu ba maganarsa bace, girmansa ne. Ƙarfi yana zuwar masa, cibiyoyin da ake dasu kusan duk na ƙananan yara ne, babu wanda yake zancen ɗan shekara talatin mai galahanga ko inda zai zauna in iyaye sun kwanta dama. Na mata kuma ya fi tsanani, su ba'a cika gano su ba sabida shirun mace ado ake ɗaukarsa, wata sai an mata aure an kai ta gidan da bata san tsarinsa ba, ga hayaniyar dangin miji ga abinda ake jira ta gane ba tare da an faɗa mata ba, wata uku a dawo da ita ace aljanu gare ta ko bata da tarbiyya. Wadda bata magana kuwa in wani ya taɓa ta a lungu babu yadda zata faɗa. Mun fara zama da yayyensa maza akan wa zai riƙe shi da kuma yadda za'a tsare masa rabonsa na gado, babansu ne ya kira zaman da kansa bayan sallar da ta wuce, kuma an ce za'a rubuta a sa shaidu.